KUƊIN REDIYO, DA NA MAKAƊA, DA NA BAƘI: JAWABIN WANI MALAMIN MAKARANTA A HAMDARA

(Wani saurayi malamin makaranta ne ya yi wannan jawabi a dandalin Hamdara bayan sallar la'asar. Mun buga shi duka don waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)



Ranka ya daɗe Maigari, Allah gafarta malamai, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka bar sana'o'inku kuka zo kuka zauna. Ni yaro ne a cikinku. Waɗansunku sun goye ni, waɗansu kuwa sun kore ni daga gonarsu ina tonon gyaɗa. Aikina koya wa 'ya'yanku karatu da lissafi a lakwal. Saboda haka in na yi tuntuɓe a magana, ku yi mini gyara irin na gida.

Kun tuna daminar 2024. A farkon watan Satumba na shekarar nan, ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, masallacin ƙasa wanda kakanninmu suka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya fi shekara 150 yana tsaye. Ya ga zuwan Nasara, ya ga tafiyarsu, sa'an nan ya kwanta a zamaninmu. Washegari na tambayi yaran ajina, wane sarki ne ya kewaye Birni da ganuwa? Yara biyu kaɗai suka ce Tanimu. Sauran suka yi shiru suna kallona. Amma da na tambaye su sunayen 'yan wasan fim na Kano, sai aji ya ɗau hayaniya, kowa yana ɗaga hannu.

Ban ga laifin yaran ba. Abin da aka kai musu kunne shi suka riƙe. Tun daga ranar na ke tambayar kaina, wa ke da alhakin kai musu labarin gidansu? Da wane kuɗi? Wannan shi ne abin da na ke so mu tattauna yau, watau kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan abu uku: gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da makaɗa da masu wasa da masu sana'ar hannu, da kuma sha'anin baƙi masu yawon buɗe ido.

WA KE BIYA?

Mu fara da wannan, gama mutane da yawa suna tsammani kyauta ce gwamnati ke yi mana. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta har 1884, fada ce ke ciyar da makaɗa da masu algaita da masu kakaki. Sarki ya ba da riga, ya ba da doki, ya ba da damin hatsi. To, ina sarki ya samo hatsin? Daga rumbun talaka. Ashe tun can talaka ne ke biyan kiɗa, ko da ya ke ba sunansa a ke kira a cikin waƙar ba.

Yau ma haka ne. An daɗe ana ɗora wani ɗan kaso a takardar kuɗin lantarki da sunan gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Wani zai ce, ai ni ba ni da lantarki a gidana, ban biya kome ba. Ka biya, baba. Ran da ka sayi batir, ko yadi, ko katin waya, akwai harajin da a ke kira TVA a cikin kuɗin, kashi 19 cikin 100 a kan yawancin kaya. Wannan kuɗi baitulmali ya ke shiga, daga nan a ke yanka wa gidan rediyo nasa, a yanka wa ma'aikatar al'adu nata. Wanda ya kai sanarwar rasuwa ko ta ɓatan raƙumi ma ya biya. Tun da mu ke biya, muna da bakin tambaya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

LABARIN REDIYO

An buɗe Rediyo Nijar a Yamai a 1958, shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a ta 28 ga Satumba. A 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, daga nan har juyin mulkin 1974 jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, rediyo kuwa murya ɗaya. A 1967 aka kafa hukumar ORTN. Bayan soja sun karɓi mulki a 1974 aka sa wa rediyon suna Muryar Sahel, a 1979 talabijin ta Tele Sahel ta fara aiki, a 2022 kuma aka sake wa hukumar suna ta koma RTN. Sunaye sun sake, shugabanni sun sake, amma ku dattawa kun fi ni sanin yadda labaru su ke farawa a kowane zamani: shugaba ya tafi, shugaba ya dawo, shugaba ya karɓi baƙi. Farashin gero a kasuwar Mirriya sai can ƙarshe, in an sami lokaci.

Duk da haka kada mu yi butulci, an yi abubuwa masu kyau waɗanda ya kamata a tuna da su. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo. Yadda su ke aiki shi ne, a ba wani malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti akwatin rediyo da na'urar ɗaukar magana. Da dare mutanen gari su taru a saurari shiri a kan rijiya, ko irin gyaɗa, ko bashin noma, ko ciwon yara. In an gama, sai malamin ya ɗauki maganar mutane, wanda ya yarda da wanda bai yarda ba, ya aika Yamai, a sa a cikin shiri na gaba. Manomi ya ji muryarsa tana fitowa daga akwati, ma'aikacin gwamnati kuma ya ji abin da ke cikin zuciyar manomi. A 1964 kuma aka fara koyar da yara ta talabijin a waɗansu azuzuwa, tun ƙasashe da yawa na Afirka ba su yi tunanin haka ba. Wannan duka an yi shi lokacin da ƙasar ba ta fara sayar da yuraniyom ba, balle fetur. Gyaɗa da dabbobi ne dukiyarmu a lokacin.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa. A 1994 rediyo mai zaman kansa na farko ya fara magana a Yamai, daga baya irinsu Anfani suka iso Damagaram, daga 1999 kuma aka fara kafa rediyoyin karkara. Wannan ci gaba ne babba. Amma rediyon karkara da yawa da ƙyar su ke numfashi. Ma'aikatansu 'yan sa kai ne, in batir ya mutu ko tsawa ta ƙone na'ura, sai gari ya yi wata da watanni shiru, ana jiran wata ƙungiyar waje ta kawo gudummawa. Wanda ya kawo kuɗin kuwa shi ke zaɓen abin da za a yi magana a kai.

Ga wani abu kuma. A watan Agusta 2023 hukuma ta dakatar da RFI da France 24, a Disamba 2024 ta dakatar da BBC na wata uku. Ban zo nan don in yanke hukunci a kan wannan ba. Abin da na ke cewa shi ne, in ka hana ɗanka cin tuwon maƙwabta, wajibi ne tukunyar gidanka ta cika. In rediyon gida bai faɗi abin da ya faru a kan hanya ba, mutane za su ji shi a WhatsApp daga bakin wanda ba a san shi ba, da ƙari da gishiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mun ji daɗi. Amma harshe ba ya girma da takarda kaɗai. Yana bukatar mai fassara doka da kasafin kuɗi, da mai rubuta littafin yara, da mai shirya wasa, kuma kowannensu yana da iyali da zai ciyar. Sa'an nan kada mu manta da maƙwabtanmu Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa da Zabarmawa da sauransu, su ma suna biyan haraji. Abin da ba mu so Faransanci ya yi wa Hausa, kada Hausa ta yi wa harsunansu.

MAKAƊA DA MASU WASA

A zamanin Saini Kunce aka raya samariya, daga 1976 kuma aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, yana zagayawa daga jiha zuwa jiha. Iyayenmu da ke zaune nan waɗansu sun yi rawa a ciki. Tun daga ƙauye a ke fara gasa, a je gunduma, a je jiha, a kai ga ƙasa. A lokacin ne wasan kwaikwayo na Hausa ya yi tashe a Damagaram. Yazi Dogo, malamin makaranta kamata, shi da abokansa na ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, sun sa ƙasa duka dariya, a cikin dariyar kuwa suna faɗa wa ɗan kasuwa mai haɗama da ma'aikaci mai cin hanci gaskiya. A nan Damagaram ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Ma'azu Ɗan Alalo yana raye a lokacin, muryarsa tana shiga kowane gida.

Ta wajen fim ma ba a bar mu a baya ba. A 1972 Umaru Ganda ne mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin fim na FESPACO a Wagadugu. Mustafa Alasan yana cikin waɗanda suka fara yin fim na zane a Afirka. Gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, tun 1959 aka buɗe shi.

To, me ya faru? Abu biyu. Na fari, kuɗin ya dogara ga yuraniyom. Da farashinsa ya faɗi a shekarun 1980, masu ba da bashi na duniya suka ce a tsuke bakin aljihu, sai aka fara yanka daga inda ba a jin kuka, watau al'adu. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan aikin da a ke sayowa waje suka ninka kuɗi. Gidajen silima suka rufe ɗaya bayan ɗaya, fina-finan Kano da na Indiya suka cike gurbin. Na biyu, abin ya dogara ga son ran shugaba. Samariya ta gwamnati ce, waƙoƙin da yawa na yabon gwamnati ne, saboda haka da gwamnatin ta wuce sai aka zubar da su tare, har da masu kyaun.

Ku dubi kokowa ku ga bambanci. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan gwamnatoci nawa suka wuce, na soja da na farar hula? Ko da ta yi fashi a waɗansu shekaru, kokowa ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne an san lokacinta, an san kuɗinta, an gina mata fili a manyan biranen jihohi, namu na Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa, rediyo da talabijin kuma suna kawo ta kai tsaye har ƙauye. Yaron da ke kokowa a dandalin nan bayan kaka ya san akwai hanya daga nan har zuwa takobi. Yarinyar da ta iya waƙa fa, ina tata hanyar? Yaron da ya iya kwaikwayo har ya sa aji duka dariya, ina zai nufa?

An yi mana bikin 18 ga Disamba a Damagaram sau biyu, a 2006 zamanin Tanja Mamadu, da 2018 zamanin Mahamadu Isufu, wanda aka kira Zinder Sabuwa. An shimfiɗa hanyoyi, an yi gine-gine, an gyara waɗansu wurare, ba mai musun wannan. Amma biki mako guda ne. Tambayata ita ce, bayan baƙi sun watse, an ajiye kuɗin mai shara, da mai gyaran rufi, da mai koya wa yara kiɗa a cikin ɗakin? Gina ɗaki na da sauƙi a kan riƙonsa, gama ranar buɗewa kowa na zuwa a ɗauki hoto, ranar yaɓe kuwa ba mai zuwa.

BAƘI

Yanzu mu zo ga baƙi. Garinmu ya daɗe yana karɓarsu. Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Birni a ƙarshen 1852 ya kai farkon 1853. Ayarin Agadas da na Kano a nan su ke haɗuwa. Bayan yaƙin Tirmini na 1899, inda Faransa ta ci Sarki Ahmadu Kuran Daga, Damagaram ce ta zama babban birnin ƙasar daga 1911, har aka mayar da shi Yamai a 1926. Muna da fadar Sarki, da gidajen ƙasa masu zayyana a Birni da Zango, da majema da dukawa waɗanda aikinsu ya yi suna, da hawan salla, da hawan ƙaho na mahauta, da wasan kara. Nan kusa da mu ga tafkin Gidimuni da lambunansa. A 2006 gwamnati ta sa Birni da fadar Sarki a jerin wuraren da ta ke nema wa shiga littafin kayan tarihin duniya na UNESCO. Tsohon garin Agadas ya shiga littafin a 2013.

Tun da daɗewa in an ce yawon buɗe ido, abin da ma'aikata ke hange shi ne Bature da jakarsa ya sauka daga jirgi ya nufi Ayar da Tenere. Wannan kasuwa ta yi rauni tun tawayen 2007. A watan Agusta 2020 kuma aka kashe mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa, 6 Faransawa, 2 'yan ƙasa. Allah ya kawo mana zaman lafiya. Amma in mun ce sai Bature ya dawo za mu gyara gidajen Birni, damina ba za ta jira mu ba.

Akwai waɗansu baƙi da ba mu ƙidaya su. Mutanen Kano da Daura da Katsina da Haɗeja, harshenmu ɗaya, tarihinmu a sarƙe ya ke, tafiyar ba ta cika yini ba. Akwai 'ya'yanmu da ke Yamai da Agadas da Libiya da Makka, waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa ganin hawan salla ba. Akwai kuma baƙi mafi kusa, watau yaran makaranta. Daga nan zuwa Birni ba nisa, hanya ce ta kwalta ta Mirriya, amma a cikin ajina waɗanda suka taɓa tsayawa ƙofar fada ba su da yawa. Baƙo na gida ba ya kawo kuɗin waje, gaskiya ne. Amma yana cin tuwo, yana kwana, yana sayen takalmi da jaka wurin baduku, yana hawa kabu-kabu, kuma ba ya gudu don wani ofishin jakadanci ya shafa wa taswirarmu jan launi.

Ginin ƙasa kuwa ba ya son kome sai yaɓe a kan lokaci, da indararo mai kyau, da magini wanda ya san aikinsa. Kuɗin yaɓen shekara goma bai kai na tayar da bango guda da ya faɗi ba. In ma an sake gina abin da ya rushe, hannun maginan farko ya riga ya tafi.

MAGANAR MAI MUSU

Na san abin da ke zuciyar waɗansunku, gama wani dattijo ya faɗa mini shi a kasuwa. Ya ce, Mushe, ana fama da tsadar hatsi, ana fama da 'yan bindiga a iyakoki, kai kanka a rumfar zana ka ke koyarwa, sa'an nan ka zo kana yi mana maganar ganga? Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa zan yi kamar ban ji ta ba. In an ce in zaɓa tsakanin rijiya da algaita, rijiya zan ɗauka, kowa ma haka.

Amma ba wannan zaɓi ne a gabanmu ba. Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta keɓe wa al'adu aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafinta kafin 2030. Watau in kana da dala ɗari, ka ajiye dala ɗaya. Sauran 99 suna nan don rijiya da asibiti da soja da lakwal. Kuma ƙasar da ta yi ƙungiyoyin rediyo da kuɗin gyaɗa, yau tana da matatar fetur a jihar nan tamu tun 2011, mai iya tace ganga 20,000 kowace rana.

Sa'an nan ku duba, ta wace hanya a ke gaya wa uwa ranar rigakafi? Ta wace hanya manomi ke jin ko damina za ta yi jinkiri? Wa ke sasanta manomi da makiyayi kafin a zare wuƙa, in ba muryar da su duka suka amince da ita ba? Rediyon da ya saba faɗin gaskiya, ranar da ya ce kada ku sha ruwan tafki kaza akwai kwalara, za a ji. Wanda ya saba yabo kaɗai, ranar nan ma za a ce yabo ne, a kashe akwati. Saurayi kuwa wanda ba shi da dandali, ba shi da sana'a, bai san ko shi ɗan wane ne ba, shi ne mai saukin ja ga duk wanda ya zo da babur da 'yan kuɗi.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya, a riƙa karanta kasafin gidan rediyo da na ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido a rediyo, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, sau ɗaya a shekara: nawa aka karɓa, nawa aka kashe, nawa ya fita daga Yamai ya iso jihohi.

Na biyu, tashar Damagaram ta sami sa'o'inta da motarta da man motar, ta riƙa zuwa kasuwannin ƙauye tana ɗaukar maganar mutane kamar yadda aka yi a 1962, a kuma sa har da maganar da ba ta yi wa ma'aikata daɗi ba.

Na uku, tsofaffin faya-fayan da ke ajiye a gidajen rediyo, na makaɗa da na wasanni da na masu ba da tarihi, a juye su cikin na'urorin zamani tun zafi da ƙura ba su cinye su ba, a kuma ba makarantu.

Na huɗu, kuɗin makaɗa da masu wasa ya zama na doka, mai lokaci sananne kamar na kokowa, a raba shi ta hanyar gasa a fili, alƙalai kuwa su zama masu sanin sana'ar. A 1995 aka kafa ofishin kare haƙƙin masu fasaha. To, duk gidan rediyon da ya sa waƙar mutum ya biya, kuɗin kuma ya kai hannun mai waƙar ko magadansa, ko da a ƙauye su ke.

Na biyar, a ajiye kuɗin yaɓe da gyaran gine-ginen Birni kowace shekara kafin ruwan fari, a ba maginan gargajiya aikin, kowane magini da yaransa masu koyo.

Na shida, littattafan tarihinmu su zo da Hausa. Marigayi Andre Salifu, ɗan Damagaram, ya rubuta tarihin sarautar nan a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimu. Da Faransanci ya rubuta su, ni kuwa ban taɓa riƙe su da Hausa in karanta wa yarana ba.

NAMU AIKIN

Kafin in zauna, bari in faɗi laifina, don kada a ce gwamnati kaɗai na ke nuna wa yatsa. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, da yawanku kun san ta. Ta san waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, ta san sunayen rijiyoyin da suka bushe da waɗanda suka haƙa su. Na ce mata, Iya, zan zo da wayata in ɗauki muryarki. Ta ce, to ɗana, ka zo da wuri. Na ce sai an yi hutu. Da hutu ya zo na ce sai an gama noma. Kafin a yanke gero aka kai ta makwancinta. Wayar tana aljihuna duk wannan lokaci, ba minista ne ya hana ni ba.

Saboda haka ga abin da na ɗauka a kaina, ina kuma neman izninku. Kowace Alhamis da yamma zan zo da manyan yaran ajina wurin dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, mu ɗauki magana, yara su rubuta ta da Hausa a littafi, littafin kuma ya zauna a lakwal, mu kai kwafi ga rediyo mafi kusa. Wanda aka zo ƙofarsa kada ya ce shi ba malami ba ne. Abin da ka sani na noma, ko na ƙira, ko na asalin garin nan, ba ya cikin littafin da aka ba ni.

Bayan kaka kuma, in Allah ya kai mu, ina roƙon kowane uba ya ba da abin da ya sawwaƙa, mu ɗauki mota guda mu kai yara Birni, su ga fada, su ga sauran ganuwa, su tsaya inda masallacin nan ya kwanta. Ran da za a yi zaman kasafin gundumarmu kuwa, mu tura mutum uku, da dattijo da mace da saurayi, su tambaya da ladabi ko akwai layin al'adu a cikin takardar, in akwai nawa ne, ina kuma ya tafi bara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranka ya daɗe Maigari, na ga rana ta yi ƙasa, ladan yana dubana. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Alhamis mai zuwa da gidan Sarkin Maƙera za mu fara, in ya yarda.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga kaka da alheri.